Dogarin Wuya na Arzika Injiniya

A shekarar alif ɗari tara da tamanin da uku, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, mu direbobin tashar Bodinga wuyanmu ne ya fara tsukewa. Batir ne sila. Batirin mota ya ɓace a kasuwa ɓat, ko a Sakkwato sai ka san wani wanda ya san wani. Motoci bakwai ke jigila tsakanin Bodinga da Shagari, har da tawa, ni Ummaru, wata tsohuwar Fijo mai cin mutum goma sha ɗaya in an matsa, kuma duk cikinsu babu mai tashi da makulli. Fasinja kuwa sun rantse ba za su biya kuɗin mota sannan su tura ta cikin rairayi ba.

Sai Allah ya ba mu Isa. Isa yana da tsohuwar tifa, ita kaɗai ke da batir mai rai a tashar, ya rataya mata matacciyar taya a goshi. In ka cika mota, sai ka sa giya ta biyu, ka taka kuloci, Isa ya zo ta baya ya tura ka har inji ya kama. Haka tsarin yake a baki. Amma birkin Isa ya riga batiranmu mutuwa, don haka abin da shi yake kira turi, mu kuwa dukan tsiya muke kiransa. Sai dai ka ji gwaf, jikinka ya yi gaba, kanka ya tsaya a baya yana jiran bayani.

Kafin wata biyu babu direban da ke iya waiwaye. In ka kira mutum ta baya, sai ya zagayo gaba ɗayansa kamar tirela. Har liman ya yi magana, ranar da ya ga sahu guda cur yana juya ƙirji wajen sallame salla.

To, a bakin ƙofar tashar akwai wata rumfa ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wurin da ya fi ko'ina inuwa, da allo an rubuta da jan fenti: Arzika Injiniya, Kaduna. Arzika ya taɓa yin wata uku a wani kamfanin haɗa motoci a Kaduna, kuma tun da ya dawo bai bar mu mun huta ba. In ka ji shi, Turawan kamfanin ba su ɗaure ƙusa sai sun aiko a tambaye shi. Wani ɗan Danchadi da ya gan shi a can ya ce tsintsiya ya gani a hannunsa. Ban da wani tsohon keke, rumfar nan ita ce duk abin da Arzika ya mallaka. A nan yake wuni, a nan ake kawo masa fura, a nan yake samun masu saurare, kuma ba don allon nan ba da babu mai ce masa Injiniya.

Wata safiya Sarkin Tasha, Alhaji Mainasara, ya tsaya a gaban rumfar. Dattijo ne mai nauyi, ba ya shiga motar haya, shi ya sa wuyansa ya rage lafiya, yana ɗauke da wani rawani da ya kai girman masaki.

Ya ce, "Arzika, shekara huɗu kana zamne rumhwag ga, ban ga ƙusa guda da kab buga tat tsaya ba. Ga mai hwaci can rana na gasa shi. Ka kwashe komatsanka."

Arzika ya zube ƙasa. "Allah shi ba ka nasara, babban aiki ba shi son gaugawa. Turawan Kaduna sun san ni."

"Na ji. Sun san ka da shara."

"Ranka shi daɗe, in na kashe ciwon wuya tashag ga hwa?"

Sarkin Tasha ya dubi direbobinsa da suka kewaye su, kowa a sandare kamar ya haɗiye muciya. Ya ce, "Na ba ka mako ukku. In ka kashe shi, rumhwa taka ta har jikokinka. In ba ka kashe ba, ko inuwatta ba ka ƙara sha."

Kafin dattijon ya kai ofishinsa Arzika ya riga ya raɗa wa abin suna: Dogarin Wuya. Ya ce za a kafa shi a bayan kowace kujera ya tare ƙeya, kuma daga Bodinga sai Legas, daga Legas sai Turai su zo su durƙusa su koya. Ya ce mota guda kawai yake bukata ta gwaji. Ni kuwa, da yake wuyana ya hana ni cin tuwo sai a tsaye, na ba da tawa. Wannan wauta har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Dogari na farko akumarin jaki ne. Arzika ya yanka shi gida-gida, ya cusa harawa a ciki, ya ɗaure a jikin katako bayan kujeru. Muka cika, Isa ya zo ya yi abin da ya saba. Da yake akumarin a daidai dokin wuya ya tsaya, sai kawunanmu suka gangara ta samansa, muka ga rufin mota gaba ɗayanmu. Wannan bai isa ba. Akwai awaki biyu na wata fasinja a but, kafin mu kai rabin hanya sun huda Dogarai uku sun cinye, sun gama da su suka kama hular wani mai albasa.

Da na dawo na jefa masa ragowar a gaban rumfa, ko gezau bai yi ba.

"Wanga ba laihin injiniya ba na, laihin akuya na. Ko Turai ba a gwaji da awaki ciki."

Inna Altine mai fura, wadda ke zama gefen rumfarsa kuma ta san shi tun yana yawo ba wando, ta ce, "Ai sun taimake ka, Arzika. Su ɗai sunka ga amfanin aikinka."

Dogari na biyu ƙwarya ce. Arzika ya ce kuskuren farko shi ne ba a rungumi kan ba, don haka kowane fasinja zai cusa ƙeyarsa cikin ƙwaryar da aka kafa a katako. Inna Altine ta tafi salla ta dawo ta tarar ƙorenta shida sun shiga aikin injiniya. Tana cikin zage-zage muka cika mota, Isa ya taho. Ƙarar da ta tashi sai ka ce kiɗan ƙwarya a gidan biki. Biyar suka tarwatse, ta shidan kuwa, wadda ta fi kauri, ta ɓalle daga katako ta kife a kan wani malamin firamare mai tulin gashi, ta sauka har kunnuwa ta ƙi fita. Haka muka kai shi asibitin sha-ka-tafi yana ta Turanci daga ciki.

Washegari sai ga Malama Hasiya, ma'aikaciyar asibitin, ta zo tasha da kanta. 'Yar Gusau ce, an turo ta Bodinga shekara biyu da suka wuce, kuma ba ta da lokacin wasa.

Ta ce, "Wane ne Injiniyan?"

Arzika ya gyara zama. "Ga shi gabanki."

"Man zafin da aka ba ni na shekara ya ƙare a wuyan mutanen tashar nan. Jiya kuma da zarto na fitar da malami daga ƙwarya. Malam, in za ka yi abin nan ka yi shi daidai. Ya kai tsayin kai har ƙoli, kuma ya manne da ƙeya, ko yatsa biyu kada su shiga tsakani. In ka bar fili, kan zai yi gudu kafin ya isa wurin, a nan wuya ke lalacewa."

"Malama, allura kika karanta ko ƙarhe?"

"Wuya na karanta. Kuma bayan motar, ka sa mata abin da zai lotsa ya shanye dukan."

"Lotsa? Mota ta lotsa? Ni abin da za ni aza mata, ko giwa tad doke shi sai ta nemi mai ɗori."

"Ƙwai a cikin dusa ake ɗauko shi daga ƙauye, Malam, ba a cikin turmi ba."

Arzika ya waiwayi jama'a, da yake shi wuyansa ƙalau. "Kun ji ko? Muna zancen mota, ta kai mu ga kaji."

Ta ce, "To. Zan gyara gado guda in ajiye." Ta juya ta tafi.

A mako na uku Arzika ya sayar da kekensa ya shiga aiki na gaske. Ya sa mai walda ya ƙera masa Dogari na ƙarfe, guda ɗaya tak, na kujerar gaba, ya kai wa baduku ya lulluɓe shi da jar fata har da tuntaye. Sannan ya samo wani guntun shasin tirela, mutum huɗu suka ɗauko shi da ƙyar, aka like shi a bayan Fijona a maimakon bamba. Motata ta zauna da gindi kamar mai jiran a ba ta labari.

Daga nan ya shelanta cewa ba a Bodinga za a yi gwajin ƙarshe ba, a Shagari za a yi, ran kasuwa. A lokacin, da yake mahaifar shugaban ƙasa ce, manyan ƙasa na yi wa garin tsinke, ga shi shekarar zaɓe ce, Arzika ya lissafa cewa dole wani mai babbar riga ya tsaya ya gani ya ɗauke shi zuwa Legas. Kuma ba kowa zai zauna a kujerar ba sai Sarkin Tasha da kansa. Yadda ya shawo kan dattijon ban sani ba, amma na ji ana cewa ya yi masa alkawarin za a sa sunansa a rediyo.

Ina nan ranar da aka yi awo. Sarkin Tasha ya shiga ya zauna da rawaninsa, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Arzika ya durƙusa a kujerar baya da igiyar awo a hannu, ya rasa ta inda zai fara. A garinmu wa ya isa ya ce wa babba ya tuɓe rawani a bainar jama'a? Wa kuma ya isa ya kai hannu kan babba? Sai ya auna daga bayan rawanin, daga nesa, igiyar tana rawa a iska. Ya gama ya ƙara taƙi guda.

Na raɗa masa, "Injiniya, Malama ta ce shi manne da ƙeya."

Ya harare ni. "Kana so ƙarhe shi taɓa rawanin Sarki? Ba ka da tarbiyya, Ummaru? Wanga taƙi na ladabi na."

Ran kasuwa muka isa Shagari da hantsi. Isa ya biyo mu da tifarsa maƙil da buhunan albasa na mutanen Danchadi, ya ce in an gama wasa zai sauke. Arzika ya ari babbar riga wadda ta sha shuɗi, ya ɗauko maroƙi yana ta zuba masa kirari. Mutane suka bar ciniki suka yi da'ira a filin bakin kasuwa. Mutanen Mandera suka hau kan amalankensu don su gani da kyau. Inna Altine ma ta biyo mu, ta ce ba za a ba ta labari ba. Manyan Legas dai ko ɗaya bai tsaya ba, mota biyu masu baƙin gilashi suka wuce ba su ko rage gudu ba.

Arzika ya hau kan bamban ƙarfen ya ɗaga hannu. "Jama'a! Yau ciwon wuya ya ƙare ƙasag ga! Isa, kana ji na?"

Isa ya leƙo daga tifa. "Ina jin ka."

"Ka ja baya har tsamiyar can, ka zaka da ƙarhinka duka. Kada ka ji tausai."

"Injiniya, akwai kaya bisa. Kuma ka san birkina."

"Ni nic ce. In ka taka birki ka raina ni."

Isa ya ce, "Ko na taka ba ya ji." Ya fara ja da baya.

Na shiga na kashe inji, na sa giya ta biyu, na yi addu'ar da na sani. Sarkin Tasha ya taho a hankali, jama'a na gaishe shi. Ya isa ƙofar mota, ya dubi ƙofar, ya dubi rufin, ya tuna wahalar da ya sha ranar awo. Sai ya kai hannu biyu ya sauke rawanin gaba ɗayansa kamar mai sauke tulu, ya miƙa wa wani ɗan kamasho ya riƙe masa.

"Sabo na, jiya anka naɗa man shi. Ba ni so shi lanƙwashe."

Ya shigo ya zauna da 'yar farar hula. Ni ban taɓa sanin kan Alhaji Mainasara ƙarami ba ne sai ranar. Na saci kallo, tsakanin ƙeyarsa da Dogarin Wuya akuya za ta iya kwanciya ta yi tuƙa.

Arzika ma ya gani. Na ga fuskarsa ta canza. Ya rugo ya durƙusa a bakin taga.

"Allah shi ba ka nasara... rawanin..."

"Mi as samu rawanina?"

"Babu komi, ranka shi daɗe. Cewa niy yi... ya yi kyau."

"Na sani. Sai mi?"

Arzika ya sake duban filin da ke tsakanin ƙeya da Dogari. Ya ce wa babba mayar da rawaninka, bai iya ba. Ya ce masa ja baya ka jingina, kamar yana magana da yaronsa a gaban kasuwa guda, wannan ma bai iya ba. Ya ce a dakata, bayan maroƙi ya gama gaya wa duniya babu kamarsa, wannan ya fi duka wuya.

Ya ce, "Allah shi tsare, ranka shi daɗe."

Ya miƙe ya juya yana yi wa Isa alama da hannu biyu wai ya rage. Isa daga gindin tsamiya ya ga hannu na kaɗawa, ya ɗauka cewa ake ya ƙara.

Na yi shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa jin duka irin wannan ba. Shasin tirelar nan bai lotsa ba ko da ƙwayar gero, Arzika bai yi ƙarya ba, duk abin da tifa ta kawo sai ya miƙo mana shi cif. Fijo ta yi tsalle. Kan Sarkin Tasha ya tafi baya neman Dogari, ya yi tafiya mai nisa bai same shi ba, ya dawo. Hularsa ta fita ta taga. Dogarin kuwa, da walda ta saki, ya ɓalle ya bi ta gilashin baya da tuntayensa, ya sauka cikin kaskon mai tuyar ƙosai. Inji ya kama, ƙafata ta zame daga kuloci, muka ratsa layin masu tukwane muka tsaya a cikin tulin ƙaiƙayi.

A baya kuma shasin ya shige goshin tifa har lagireto. Ruwa ya tsiyaye, hayaƙi ya tashi, ƙofar baya ta buɗe, albasar Danchadi ta malalo cikin kasuwa. Jakuna suka tsinke. Mai tukwane na ihu, mai ƙosai na ihu, masu albasa na bin albasarsu, maroƙin da aka ɗauko kuwa ya juya baki nan take ya fara yi wa Arzika zambo, mutane na ba shi kuɗi fiye da na ɗazu.

Muka fito da Sarkin Tasha, kansa ya karkace hagu ya tsaya a nan. Arzika ya zo ya zube a gabansa, sai ya ga dattijon gefe yake kallo, dole ya rarrafa ya zagaya ta hagu ya sake zubewa.

"Allah shi ba ka nasara, ka dai lura kan bai hita ba. Ba don aikina ba..."

Inna Altine ta ce, "Ku ji shi. Shina jiran goron godiya."

Sarkin Tasha ya yi magana ta gefen baki, don haƙoransa ma ba sa son motsi. "A miƙo man rawanina. A kai ni ga yarinyag ga ta asibiti. Kai kau, Arzika, kada in ishe allonka in na koma."

Malama Hasiya ta tarbe mu da muka shigo da shi. Ta dai nuna mana gadon, an shimfiɗa zane an ja shi tsaf.

Da la'asar na ga Arzika yana cire allonsa daga rumfa. Mai faci ya riga ya jibge tayoyinsa a inda tabarmarsa take. Babu wanda ya yi dariya, har Inna Altine ta kau da kai. Ni da motata ta rasa gilashi, wuyana ya ƙara kwana bakwai a sandare, wallahi sai da na ji tausayinsa, ganin ya rungumi allon nan yana dube-duben inda zai jingina shi, babu.

Tifar Isa ba ta sake tashi ba, don lagireto ma ya bi batir ya ɓace a kasuwa. Da Sarkin Tasha ya samu sauƙi ya yanke hukunci daga kan gado: wanda ya kashe tifa shi zai yi aikin tifa. Aka riƙa jera motoci a kan gangaren bakin titi, fasinja su taka su same su a can, Arzika ya sa kafaɗa ya tura. Turin mutum kuwa ba ya karya wuyan kowa. Kafin wata ya fita duk tashar Bodinga babu mai ciwon wuya ko ɗaya.

Ranar da Arzika ya gane haka ina cikin mota ina jiran turi. Sai na ji muryarsa ta baya, yana haki, rana na dukansa, yana gaya wa fasinjana:

"Ku tambayi kowa garin ga, wa yak kashe ciwon wuya? Mako ukku nic ce, kwana kaɗan nik ƙara. Rumhwa ɗai sunka hana ni don hassada." Ya buga bayan motar da tafin hannu. "Ummaru, sa giya ta biyu. Kuma ka riƙa godiya, ba kowa Injiniya ka tura ma mota ba."